Rijiyar Bayan Gida

Zuwa ga Yayata abar ƙauna,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Ya ciwon ƙafar nan? Allah Ya ƙara sauƙi.

Yaya, gidan hayar da muka haɗa hannu muka saya ya fara ba ni ciwon kai. Malamar asibitin da ke ɗakin ƙurya ta kira ni, ta ce ruwan rijiya ya canza, jaririnta kuma sai gudawa yake yi. Na je na jawo guga ɗaya, wallahi sai da na toshe hanci.

Na leƙa ta katanga, sai ga ramin masai sabo fil a gidan maƙwabcinmu mai sayar da taya, ya jingina shi da bangonmu, dab da rijiyar. Na kawo mai awon fili. Ya auna ya auna, sai ga dutsen iyakarmu a cikin tsakar gidan mutumin, an ɗora masa tukunyar fulawa. Ashe tun kafin mu saya ya turo katangarsa ciki, ya ci mana wuri kamar faɗin tabarma. A ƙasarmu ya haƙa ƙazantarsa.

Kin tuna lokacin ciniki na ce a yi awo, Kawu ya hana, wai cin fuskar maƙwabci ne? To, shi na tura ya yi wa mai tayar magana.

Ki gaishe min da yara.

Taki,
Auta

Yayata,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, ga yadda aka ƙare da Kawu.

Ya je, an shimfiɗa masa darduma, an cika masa ciki, ya fito yana sakace. Wai in yi haƙuri, ɗan wurin nan bai kai a ɓata zumunci ba, ruwan ma in an tafasa shi ke nan. Har da cewa ni mace ce, ban san zaman unguwa ba. Shi kuwa mai taya yanzu har gaishe ni yake da fara'a, abin da ya fi warin tayar min da zuciya.

Malamar asibiti ta kwashe kayanta. Ban hana ta ba, ko ni ce haka zan yi. Sauran ’yan hayan ma sun fara neman ɗaki.

Jiya na cika jarka da ruwan rijiyar, na kai wa Kawu har gida, na ce ya tafasa ya sha shayi. Ya buɗe murfin, ya kau da kai, ya ce in fitar masa da ita kada jikokinsa su taɓa.

Na bar masa ita a bakin ƙofa. Gobe zan kai takardar awon ofishin filaye, kuma ba da rakiyar kowa ba.

Ƙanwarki,
Auta