Kifayena sun mutu, gari ya ɗauka idon surukina ne

Assalamu alaikum masu kula da wannan shafi da masu karatu. Don Allah a sakaya sunana, kuma kafin wani ya yanke mani hukunci ya daure ya kai ƙarshe. Na haifi da yawa daga cikinku, na san abin kunya ne mai furfura ya kawo kukansa gaban yara, amma a garinmu ban ga wanda zan faɗa wa maganar nan ta kwana a cikinsa ba.

Ni mutumin Kankia ne. Fataucin goro ya kai ni Kumasi da Abijan, na zauna Jidda, ina jin Faransanci da Larabci da Fulatanci. A Abijan, gidan wani ɗan Labanan, na fara ganin kifi a akwatin gilashi, na kallo kawai, ba na miya ba. Abin ya zauna mani a rai. Da na ajiye tafiye-tafiye sai na sayo nawa a Kano, da na'urar tace ruwa mai soso a ciki, na haɗa da sola, na kafa a falo. Mai sayarwa ya ce in bar ruwan ya yi makonni yana zagayawa kafin in cika shi da kifi, wai sai ya nuna. Na ce masa to, a raina kuwa na ce ruwa mangwaro ne? Ina isa gida na juye kifayen duka a ciki.

Ina da amini, zan kira shi Ardo, makiyayi ne daga wajen garin Ƙofa. Tun muna samari muke tare, ɗansa ne ma ke auren 'yata. Duk ranar kasuwa in ya tashi daga kara, wato kasuwar shanu, sai ya biyo gidana mu ci abinci, ya tsaya gaban gilashin ya daɗe yana kallo. Ran da ya fara gani ya ce, “Alhaji, duk yawon duniyar nan abin da ka koyo ke nan, kiwon abin da ba a tatsa?” Na ce gara nawa, ba sa shiga gonar mutane. Muka yi dariya. Bayan tafiyarsa kifaye suka taso sama suna haki, wasu suka juya ciki. Na sayo wasu. Ya sake zuwa, aka sake mutuwa. Haka aka yi ta yi har zuciyata ta fara lissafin da bai kamata ba. Me ya sa sai bayan zuwansa? Me yake kallo haka? Kuma akwai ranar da na shigo na ga hannunsa a saman ruwan yana murza yatsu, ya gan ni ya janye.

Wata ranar kasuwa ya fita alwala, na buɗe jakarsa. Ni, da girmana, a cikin gidana. Na tarar da ƙullin kanwa, na ɗebi kaɗan. Ina da wasu 'yan kwalabe na gwaji, ka ɗiga a ruwa launi ya nuna maka halinsa. Na jefa kanwar a kofin ruwan kifin na ɗiga, launi ya juye nan take. Na san kowane makiyayi yana yawo da kanwa saboda shanunsa, amma ranar ban so in sani ba. Na ce wa matata Hajiya ta lura, duk zuwan Ardo sai mun kwashe gawa, ko hannunsa ne ko idonsa. Na kuma ce in ya dawo a ce ba na nan. Ya dawo, aka faɗa masa, ga motata a ƙofar gida yana gani. Ya ajiye ƙwaryar kindirmon da ya kawo ya juya. Bai sake zuwa ba, kifi kuma bai sake mutuwa ba.

Hajiya ta faɗa wa ƙanwarta, ƙanwar ta faɗa a gidan biki a Kafinsoli. Maganar kanwa ta faɗi a hanya, ta ido ce ta isa Ƙofa. Yanzu ana cewa Ardo kambun baka gare shi. An ce mani a kara in ya yaba ɗan maraƙi sai mai shi ya ja abinsa gefe.

Kwanakin baya ina karanta bayanin kiwon irin wannan kifi da Faransanci a waya, sai na ci karo da abin da ban sani ba. Ashe kashin kifi guba yake zama a ruwa, kuma wasu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani su ke cinye gubar. A cikin soson nan suke zama, kuma sai a hankali suke yawa. Nunar da mai sayarwa yake nufi ke nan. Kamar kindirmo ne, in ba ka bar ɗan na jiya ya kama sabuwar madara ba, ba za ka samu komai ba. Ni kuwa me nake yi? A gidanmu ba a nuna wa baƙo ruwa mai dauɗa. Duk jajibirin kasuwa, don kada Ardo ya samu abin yi mani tsiya, sai in kwashe ruwan kaf, in wanke gilashin kamar randa, in cuɗe soson da ruwan zafi da sabulu. Da ya daina zuwa, ba ni da wanda zan burge, sai na daina wankin.

Ban faɗa wa kowa ba. Ta yaya zan ce wa Hajiya mutumin da ke mata gorin ya ga duniya shi ya kashe kifinsa da sabulu? Kuma in faɗi gaskiya, zargin bai bar ni ba. Zuwansa da wankina tare suka tsaya, wanne zan kama? Na karanta cewa abu irin kanwa yana ƙara wa gubar nan kaifi. To me hannunsa yake yi a saman ruwan? Ko ya barbaɗa masu ne da kyakkyawar niyya, yadda yake wa shanunsa? Ko wani abu ne daban? A Kumasi na ga ana tare mutum a tambaye shi a gaban jama'a, a Jidda a yi ta ihu a rabu a sha shayi. Bafulatani kuwa kunya ba za ta bar shi ya ce ka ɓata masa ba, sai dai ka nemi ƙafarsa ka rasa. In na tambaye shi zancen kanwa, dole in ce na buɗe jakarsa.

Abin da ya sa na rubuto shi ne 'yata ta haihu, ɗan fari, tana wanka a gidana, suna ya matso. Hajiya ta rantse Ardo ba zai ga jaririn ba. Ta ce mani, “Wanda idonsa ya kashe kifi ta bayan gilashi, shi zan miƙa wa jinjiri?” Jiya mijin 'yata ya zo ya durƙusa, kansa a ƙasa, ya ce, “Baba, tsoho ne ya ce in tambaya, in ya zo ranar suna zai tarar da kai a gida?”

Na ce masa ya je zan neme shi. In na tara iyalina na ce laifina ne, na wanke mutumin da har yanzu ban tabbata da shi ba. In na yi shiru, kaka zai tsaya a waje ranar sunan jikansa saboda maganar da ta fito daga bakina. Jama'a, me zan yi?