Lungun da Kika Auna da Makara

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Hajara,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa ta girmamawa irin wadda kika koya mana, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji, ina fatan makwancinki ya yalwata. Ni ce Bilki, wadda kike cewa bakinta ya riga hankalinta zuwa duniya.

Na rubuto ne in shaida miki abu biyu. Lungunki yana nan a buɗe. Ɗakinki kuwa ya tafi, kuma ni na ba da shi da hannuna. Na san dangi za su ga wannan takarda, na san akwai waɗanda za su ce na fito da maganar cikin gida waje. Su karanta. Maganar da aka yi ta a bakin titi da rana tsaka ba ta da sauran sirri.

Kin tuna shekarar da kika fara ginin gidanmu bayan rasuwar Baba, da abin da kika tara na ƙuli-ƙuli da man gyaɗa? Magini ya ja igiyarsa har jikin katangar maƙwabci, don fili naki ne har can. Kika ce ya janye. Ya janye kaɗan, kika ce ya ƙara. Da ya gaji ya tambaye ki iya ina, sai kika aiki ƙanenki Kawu Audu masallacin unguwa ya aro makara. Ina tsaye ina kallo, maza huɗu suka saɓa ta babu kowa a ciki, suka bi tsakanin igiya da katanga, suka dawo. Inda kafaɗarsu ta wuce ba ta gogi komai ba, nan kika ce a kafa tushe.

Tabɗi! Ranar unguwa ta sha magana. Wace irin mace ce za ta kawo makara gidanta tun ba a yi rufi ba? Ke dai kika ci gaba da tuyarki. Abin da kika ce wa magini har yau yana kunnena: "Ruwa ya riga mu zuwa wurin nan, Malam, ba zan tare masa hanya ba. Mutum kuma, da ƙafarsa ko a kafaɗar wasu, sai ya wuce."

A lokacin bayan gidanmu fili ne, sai gidaje 'yan kaɗan da hanyar maƙabarta. Gidan su Maman Talatu ne na farko, mutanen wajen Rijau, waɗanda kike aika wa tuwon Sallah su aiko miki shinkafar Kirsimeti. Yanzu kuwa ba masaka tsinke. Tun kina raye mutanen ƙauyukan Beri da Kasuwan Garba suka fara sauka can saboda 'yan bindiga, kowa ya ɗora ɗakin laka inda ya samu. Bayanki abin ya ƙaru. Mota ba ta shiga, keke mai ƙafa uku ba ya shiga. Mai ciki za ta asibiti, ɗan makaranta, mai tallan nono, tsohon da za a kai wa likita, duk ta lungunki suke fitowa titi su tari abin hawa.

Sauran lunguna an cinye su ɗaya bayan ɗaya, kina gani. Wannan ya zura shago, wancan ya haƙa sokawe, wani ya ja katanga da dare ɗaya ya ce gadonsa ne. Masu aikin titi ma da suka zo, mota kawai suka sani. Suka shimfiɗa kwalta, suka haƙa lambatu suka bar shi baki buɗe, mai tafiya da ƙafa ya san ta kansa. Unguwar bayanmu ta zama kamar kwano mai baki ɗaya. Ruwan duk da ya sauka can, ta magudanar da ke tsakiyar lungunki yake bi ya faɗa kwalbati.

Shi ya sa duk shekara, da an fara jin ƙamshin ƙasa, sai ki ɗaura ɗankwali a ƙugu ki ɗauki fartanya. Ki yashe magudana, ki tsince leda, ki gyara duwatsun nan da kika jera a gefe don a riƙa takawa. Ni da kike tasa wa gaba da kwandon shara, haushi nake ji, ina ta ƙunƙuni wai me ya sa kwatar unguwa ta zama tamu. Ki ce, "Riƙe kwando, Bilki, bakin nan naki ba ya kwashe shara."

Ranar da aka ɗauke ki, mu mata muna ciki. Na jingina da bangon ɗakinki, wanda lungu ke bayansa. Ban ga fitarki ba, Inna, amma na ji ta. Na ji takun maza yana wucewa ta bayan bango, a hankali, babu wanda ya tsaya, babu wanda ya ce a karkata. Awonki ya yi daidai. A nan ne na fasa kukan da nake ta riƙewa.

To, sai aka zo rabon gado.

Ba zan zagi Yaya Sale a gabanki ba, ɗanki ne, kuma na san halin da yake ciki. Kin san da fataucin hatsi yake riƙe gidansa. Hanyar Kasuwan Garba ta gagara saboda 'yan bindiga, ya tsallake rijiya da baya, matarsa ta rantse ba zai sake bin ta ba. Ga yara, ga makaranta. Mutum ne da ya saba fita da asuba ya wayi gari yana zaune a ƙofar gida. Ina ganinsa ina jin tausayinsa, wallahi.

Amma abin da ya zo da shi a gaban Kawu Audu da malamin rabo shi ne zai gina shago a bakin lungu. Ya ce wuri ne mai kyau, yana kallon titi, ga 'yan kabu-kabu na tsayawa. Da aka tambayi ruwa fa, ya ce magini ya ba shi shawara a binne bututu a ƙarƙashi. Mutanen baya kuma su zagaya ta wajen injin niƙa, ai ƙafa gare su.

Inna, kin san ni. Na yi niyyar in yi shiru saboda manya, shirun ya ƙi. Na ce, Yaya, bututun nan naka mai naƙuda za ta bi ta cikinsa? Makara za ta bi ta cikinsa? Bututun da leda biyu za su toshe, ruwa ya koma ɗakunan laka na mutanen da suka riga suka rasa gida sau ɗaya? Na ce zagayen injin niƙa da kake faɗa, da damina ko jaki ba ya yarda ya bi shi.

Ya ce shi ne babba, kuma rabonsa ya fi nawa. Gaskiya ne, ban yi musu da hukuncin Allah ba. Malam ya ce abin da ya faɗo mini shi ne ɗakinki, wanda ke jingine da titi. Sai na ce a ba Yaya ɗakin ya fasa ƙofa ta waje ya yi shagonsa, ni a ba ni lungu.

Malam ya tambaye ni ko na san abin da nake faɗa, wuri ne da ko akurkin kaji ba zan gina a ciki ba. Na ce abin da ya sa nake so ke nan. Kawu Audu ya sunkuyar da kai yana share ido da bakin rawani, na san makarar nan ya tuna, don kafaɗarsa na cikin waɗanda suka auna. Yaya ya karɓa, amma da za mu tashi ya ce, "Kin mai da ni azzalumi a gaban mutane, Bilki." Tun ranar gaisuwata da ka yake amsa ta.

'Yan'uwanki mata kuwa sun samu abin yi. Wai an ba Bilki ɗaki ta zaɓi kwata. Wai boko ne ya juya mini kai, ni da ban wuce sakandare ba. E, kwata na zaɓa. Kwatar uwata ce, kuma ban nemi kowa ya taya ni yasa ba.

Sai dai ba zan ɓoye miki ba, ranar da aka sa guduma a bangon ɗakinki na ji kamar a ƙirjina ake dukan. Na kwashe tabarmarki ta sallah da kaskon tuya da fartanya, na bar sauran. Inda gadonki yake, yanzu buhunan shinkafa ne da katan-katan na taliya. An shafe bangon da fenti, ƙamshin turarenki ya tafi. Na koma gidana na yi kuka har mijina, Baban su Hajara takwararki, ya gaji da rarrashina. Ina kewar ɗakin nan, Inna. Ina kewarki.

Na ɗauka magana ta ƙare. Ashe da saura. Ana gab da damina Yaya ya sauke bulo ya jibge a bakin lungu, wai zai fitar da 'yar baranda masu saye su riƙa fakewa. Bulon ya cinye rabin hanya. Na aika a faɗa masa, ya ce ajiya ce kawai. Na zo da safe na kwashe na jingine masa a jikin shago. Washegari na tarar ya mayar. Haka muka yi ta yi, ni da ɗan'uwana ciki ɗaya, unguwa na kallo.

Ruwan farko mai ƙarfi da la'asar ya sauka. Shara ta taru a jikin bulo, magudana ta cika ta fara komawa baya. Kafin in iso ruwa ya kai dokin ƙofar Maman Talatu, ga mijinta kwance ba lafiya, tana ta tarewa da buhun yashi. Na ɗaure zanena, na shiga ruwa har gwiwa da fartanyarki, na riƙa ɗaga bulo ina watsarwa gefe. Yaya yana cikin shago yana kallona. Na ɗaga murya yadda duk mai fakewa a rumfunan titi zai ji, na ce lungun nan rabona ne, gaban malam aka ba ni, duk wanda ya ajiye ko tsinke a cikinsa zai same shi a kwalbati. Ruwa ya samu hanya ya wuce da gudu. Washegari da rana ta fito, bulo ya koma inda yake.

Ba a daɗe ba Baban Talatu ya rasu. Za a kai shi garinsu, motar da za ta ɗauke shi tana jira a bakin titi don ba ta da hanyar shiga. Na je gaisuwa, na biyo bayan mata. Mazan cocinsu suka saɓo akwatin, suka shigo lungu suna waƙa a hankali, suna taka duwatsunki. Suna isowa bakin titi suka tsaya cak. Akwati ya ƙi wucewa. Suka gwada karkata shi, Maman Talatu ta ɗora hannu a ka. Waƙar ta mutu.

Na cika bakina da magana, Allah ya sani, irin wadda ba a mayar da ita. Kafin in buɗe shi sai ga Yaya ya fito daga shago. Bai kalli kowa ba. Ya naɗe hannun rigarsa, ya sunkuya, ya fara ɗauke bulo ɗaya bayan ɗaya. Wasu samari suka matso za su taya shi, ya ɗaga musu hannu. Shi kaɗai ya kwashe shi tas, farar rigarsa ta yi dumu-dumu da laka, sannan ya ja gefe ya manne da bango. Akwati ya wuce bai gogi komai ba. Da Maman Talatu ta zo daidai shi, ta tsaya ta ce da Hausarta ta mutanen Rijau, "Sannu, ɗan Inna." Ya juya ya shige shago da sauri, ya daɗe bai fito ba.

Karon farko ke nan a rayuwata da na haɗiye magana, kuma ban shaƙe ba. Da kina nan da kin yi mini dariya.

Kada ki ɗauka an shirya. Bulon yana nan jingine a jikin shago, bai sayar ba, bai gina ba, ni ma ban daina leƙawa ba. Har yanzu da ka yake amsa gaisuwata, sai dai shekaranjiya ya aiko wa takwararki da alawa. Ni kuma na je gaban liman da mai unguwa da Kawu Audu, na shaida musu lungun nan na bayar da shi sadaka ga duk mai wucewa, ladan naki. Ko 'ya'yan da na haifa ba su da ikon ɗora bulo ɗaya a cikinsa. Masu zuwa suna rarrashina wai in bari a rage ko taku ɗaya a zauna lafiya, su huta. Ba ni na auna ba, ba ni zan rage ba.

Na kuma bar wasiyya, a gaban Yaya na faɗe ta don ya ji. Ranar da tawa ta zo, a kawo ni gidanki a yi mini sutura, a fita da ni ta lungun nan. Idan an zo makara ta ƙi wucewa, kada a karkata ni, kada a zagaya da ni ta injin niƙa. A ajiye ni a ƙasa a rushe abin da ya tare. Zan jira, ranar ba sauri nake ba.

Allah ya jiƙanki, Inna. Allah ya yalwata miki kabarinki fiye da yadda kika yalwata wa mutane hanya. Duk ƙafar da ta taka lungun nan, Allah ya kai ladan gare ki. Allah ya buɗa wa Yaya kasuwarsa, ya sanyaya zuciyarsa a kaina, ya mayar da mutanen bayanmu garuruwansu lafiya. Ni kuma ya bar mini ƙarfin ɗaga fartanya. Amin.

Hadari ya haɗo ta gabas, zan je in duba magudana.

'Yarki mai bakin nan,
Bilki
Kontagora