Burtalin da Ya Ɓace a Taswirarka

Zuwa ga yayana kuma malamina, marigayi Yaya Buba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwar ƙanwa ga wanta, tare da fatan Allah ya yalwata maka makwanci. Inna tana nan lafiya, sai ciwon gwiwar da ka sani. Har yanzu muna gidan Limawa, kwamfutarka kuma tana kan teburin da ka bar ta, ni nake aiki da ita.

Ba gaisuwa kaɗai ta kawo ni ba. Taswirarka ce take neman jawo mana abin da ka gina ta don hanawa, kuma ban san wanda zan gaya wa ya fahimta kamar kai ba.

Ka tuna damunar da ka ɗauki babur ka bi burtali tun daga Aujara har wajen Taura, kana tsayawa a kowace kwana da kowace mashaya kana sa alama a waya? Ka dawo baƙi ƙirin, ƙafarka duk ƙaya. Inna ta ce an tura ka jami'a don ka huta da bin shanu, ga shi kana bin sawunsu ba ko saniya ɗaya a gabanka. Daga wannan wahala manhajar ta fito: makiyayi ya duba ya ga hanyar shanu, manomi ya duba ya ga inda gonarsa ta tsaya. Sunan da ka raɗa mata bai bi ta ba. Kowa "taswirar Buba" yake cewa, da masu sanda da masu fartanya, kuma da wannan sunan aka kashe rigingimu da dama a ƙofar mai unguwa.

Kai ne kake yi mini tsiya idan na ga sabon kayan aiki ya fito jikina yana rawa. Kullum maganarka ɗaya ce: "Dije, abin da yake aiki ki ƙyale shi ya yi aikinsa." To, Yaya, wannan karon ba rawar kaina ba ce. Kamfanin da muke ɗora taswirar a kan kayansu ne ya aiko wa duk masu haɗa manhaja sanarwa cewa za a rufe tsohon tsari, kowa ya koma sabo ko manhajarsa ta mutu.

Sabon kam abin sha'awa ne, ba zan ɓoye maka ba. Aikin da kake kwana kana yi, yanzu kafin shayi ya huce an gama. An sa masa ƙirƙirarriyar basira da take duba hoton tauraron ɗan'adam, ta ce nan gona ce, nan hanya, nan ruwa, ta daidaita zanenka da abin da ta gani. Na gwada a kewayen Dutse, komai tsaf. Na saki sabuntawar, wayoyin mutane suka ɗauka da kansu.

Abin da ban duba ba shi ne matsatsin nan na bayan Aujara, gab da tsohuwar kuka, inda ka sa alamarka ta farko. Ka san gonar Malam Sale ce take maƙwabtaka da shi, ka kuma san yadda 'ya'yansa suke ƙara kunya ɗaya ta shuka cikin burtalin duk shekara. Bana da suka ga babu kai, sai suka shuke wurin gaba ɗaya da dawa. Daga sama na'ura ta hango kore, ta ce gona ce. Ta ɗauki layinka a matsayin kuskure, ta share.

Da mai unguwa ya kira Malam Sale a kan ya buɗe wa shanu hanya kafin su sauko, bai yi gardama ba. Waya kawai ya ciro ya miƙa. Babu burtali a ciki, ga kuma sunanka a ƙasan taswirar. An ce cewa ya yi, "Ɗan makiyayan ne ya zana, kuma Buba bai taɓa yi mana ƙarya ba." Amanar da ka sha rana ka tara ita ce yau take tsare dawar da aka shuka a kan hanya.

Na mayar da layinka da hannuna a ranar. Na hana na'urar sake taɓa shi, na aika gyara. Amma kafin nan samari sun riga sun ɗauki hoton taswirar da babu burtali, ya zaga wayoyin ƙauyukan nan kaf. Da na kira mai unguwa na yi bayani, ya saurare ni da mutunci, sannan ya gaya mini abin da babban ɗan Malam Sale yake faɗa a majalisa: wai ni 'yar makiyaya ce, na gyara ne don dangina, ita kuwa na'ura ba ta da baffa.

Shi kuwa Baffa Jauro, ƙanin mahaifinmu, yana hanya. Ya taso da garken daga arewa kamar kowace kaka, shi da samarinsa. Ka tuna kai ka dage sai manhajar ta yi aiki ko babu sabis, saboda mutanen daji? Tana yi kuwa. Wayar Baffa ba ta ga sabis ba tun da ya shiga daji, don haka tsohuwar taswirarka ce a hannunsa, burtali a buɗe, ba alamar an shuka komai. Na kira har na gaji, a kashe. Kai ka san Baffa: tun ranar da ka nuna masa wurin da aka binne kakanmu a fuskar waya, ya daina tambayar kowa hanya. Yakan ce, "In Buba ya ce a bi, a bi."

An yanke gero, amma dawa tana tsaye, ba ta kai yanka ba. 'Ya'yan Malam Sale sun kafa rumfa a bakin gonar suna gadi, kuma na ji ba fartanya kaɗai suke ajiyewa a ciki ba. Inna kuwa na lura ta daina kunna rediyo, tana zama kusa da waya.

Ina jin tsoro, Yaya. Mutum biyu za su haɗu a gindin kukar nan, kowa da waya a hannu, kowa ya tabbata kai ne shaidarsa.

Na san mutane suna karanta wannan wasiƙa, da gangan na ajiye ta a fili a intanet. Wataƙila wani mai babur ko mai sayen nono ya ci karo da garken jajayen shanu da dattijo mai gurguwar tafiya, wato Baffa, ya ce masa Dije ta ce ya dakata, kada ya shiga matsatsin. Idan saƙon bai same shi ba, gobe da sassafe zan hau mota zuwa Aujara. Zan sa tsohuwar malfarka, wadda duk yankin suka sani, in zauna a gindin kukar har garken ya ɓullo. Ba na tsammanin za su ji maganata. Ina dai fatan duk ɓangarorin biyu za su ji nauyin tsallake ƙanwar Buba.

Ka koya mini gyaran manhaja, ka tafi ba ka koya mini wannan ba. Da kana nan da kai za ka je, ni kuma in tsaya gida ina yi maka tsiya a kan ƙayar ƙafarka. Na yi kewarka ƙwarai.

Ya Allah ka jiƙan Yaya Buba, ka sa sawun da ya taka domin zaman lafiya ya zama haske a kabarinsa. Ka tsare Baffa da samarinsa, ka tsare Malam Sale da 'ya'yansa, ka sanyaya zukata. Kada ka bari a zubar da jinin kowa da sunan bawanka da yake kwance. Ka sa in riga shanun isa.

Ƙanwarka da ka bar wa amana,
Dije
Limawa, Dutse