Sanda ta Uku Tana Jiran Mai Ita

Zuwa ga ƙanena Ultan,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina addu'ar wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da matarka Dervla da 'yar lelenku Orla. Allah Ya sa albarka a aikin ginin da kake yi a Perth, Ya tsare ka daga zafin ranar ƙasar nan taku. Mu nan ƙalau muke, sai ruwan saman da ka sani. Na san za ka ce wa ke rubuta wasiƙa a zamanin nan. To ni ce, don a waya da na ɗauko magana mai nauyi sai ka ce layin ba kyau.

Kada ka yi mini ƙaryar ba ka bin wasan hurling, wasanmu na sanda da ƙwallo, Dervla ta riga ta tona maka asiri. Ka dai ga yadda gundumarmu ta faro gasar rukuni na biyu ta bana da shan kashi a gida, har mai shagon nama ya ce gara a tura mata masu wanke rigunan 'yan wasa su buga. Sai muka yi kunnen doki a wasa na biyu, muka ci uku a jere. Yanzu ga mu a wasan ƙarshe a babban filin Dublin, nan da mako uku, kuma wanda ya ci zai hau rukuni na farko. Autanmu Colm, wanda ka bari yana zaman benci a ƙungiyar ƙauye, shi ke bugun tazara yanzu. Kansa ya kumbura har ina tsoron hular kwano ta daina shigarsa.

Baba bai fashi wasa ko ɗaya ba, amma Ultan, ba ya ganin ƙwallo. Ni nake zama kusa da shi ina gaya masa abin da ke faruwa, shi kuma yana gyara mini, wai daga ƙarar sanda yake gane bugun da zai haye saman raga ya zama maki da wanda zai bauɗe. Abin haushi, yawanci shi ke da gaskiya. Likita ya ce kafin hunturu da wuya ya riƙa bambance fuskoki. Baba ya hana ni gaya maka, ga shi na gaya maka.

Akwai kuma abin da na ɓoye maka shekara ɗaya da rabi, ka yafe mini. Bishiyar ash ɗin da Baba ya dasa a bayan shagonsa na sassaƙar sandunan wasa makon da aka haife ka, an sare ta. Cutar da ta cinye itatuwan yankin nan ta kama ta daga sama, Baba ya ce in ya jira za ta sauko gindi, kuma ka san a gindi ne ake samun lanƙwasar da ake yin bakin sanda. Ranar bai ci abinci ba. Katako uku kacal suka fita masu kyau. Ya jera su a rumfa shekara guda suna bushewa, ya hana kowa kai su kusa da murhu. Sanda ta farko ta karye a hannun Colm a wasa na biyu, Baba ya tsince gutsuren ya sa a aljihu. Ta biyu ita ce ta kawo mu Dublin.

Ta uku tana kan tebur ɗin aikinsa. Ya fafe bakinta, ya goge ta da hannu tunda ido ya ƙi, har ta yi santsi kamar cokalin katakon marigayiya Mama. Amma bai yanke mariƙinta ba. Colm ya roƙe shi ya ƙarasa masa ita don ya samu ta ajiya ranar wasan ƙarshe, Baba ya ce ba tasa ba ce, ya je ya nemi wata. Da na tambaye shi me ya hana shi gamawa, sai ya ce shi bai taɓa yanke sanda mai ita ba ya nan ba, dole mutum ya tsaya a gabansa, ya saki hannu, a dafa sandar a ƙasa a ga inda ta kai wuyan hannunsa. Wai bai san awonka ba.

Ultan, ni da kai mun san awonka yana jikin ƙofar shagon nan, zane bisa zane da fensir, tun kana shekara biyar har zuwa shekarar da ka tafi. Na sha kama shi yana shafa su da yatsa.

Ban manta abin da ya faɗa ba. Ina wurin, shekara takwas ke nan, ranar da bugunka na ƙarshe ya bauɗe muka faɗo rukuni na biyu. Da dare muna kan abinci, sai ya ce laifin dai ba na sanda ba ne. Na ga yadda ka ajiye cokali ka tashi. Bai kyauta ba, kuma na gaya masa tun a lokacin. Amma ka san mahaifinka, bakinsa bai iya ban haƙuri ba, hannunsa ne ya iya. Tun da ka tafi hirarku ba ta wuce ta ruwan sama da gaisuwar Kirsimeti, kuma wallahi abin yana cin raina. Ina kewarka, na gaji da zama tsakanin maza biyu masu taurin kai iri ɗaya.

Ban ce ka dawo gaba ɗaya ba. Na tanadi kujeru a filin Dublin, ɗaya taka a hannun daman Baba, don ni na gaji da ba da labarin wasa ana gyara mini. Mu ci ko a ci mu, wannan na Colm ne da abokansa. Abin da ya dame ni hunturu ne.

Ka gaishe mini da Dervla, ka sumbaci Orla, ka ce mata Gwaggo Nuala ta ajiye mata riga mai launin gundumarmu. Colm yana gaishe ka, ya ce ka zo ka ga yadda ake bugun tazara, ka ji rashin kunya. Gwaggo Eithne ma ta ce a gaishe ka, kullum kana cikin addu'arta a coci. Baba bai ce a gaishe ka ba. Da ya ji ina rubutu dai ya tambaye ni ko ka ƙara ƙiba, wai ƙiba tana canza tsayuwar mutum. Na ce masa ban sani ba. Ya ce to, sai ya gani da idonsa.

Ka zo ya gani, Ultan, tun yana iyawa.

Yayarka mai ƙaunarka,
Nuala