Hoton Baba Ya Ƙi Shiga

Yaya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidan da jaririyarmu. Rubutu na zaɓa, don in na kira zagi zan yi, kuma ba ke kika yi min laifi ba.

Maganar fasfon Baba ce. Na cika fom ɗin a intanet tsaf, sai wajen hoto. Sau tara ina ɗorawa, sau tara shafin yana tofo min shi. Wai akwai inuwa. Wai bango bai yi fari ba. Wai kai ya karkace. Na karanta ƙa'idojinsu kaf, har ƙananan rubutun da su kansu ba sa dubawa. Wanda ya ƙera abin nan, na rantse ko kakansa ba zai tsallake ba.

Baba fa! Mutumin da ya shekara talatin yana ɗaukar wa jama'a hoton fasfo. Kin tuna shagon? Farin labule, kujera mai ƙafa uku, mataji ɗaure da zare a jikin madubi, da kwat ɗin aro da ta shiga hoton rabin unguwa. Ke kina yanka hotuna da almakashi, ni ina gindin tebur ina haɗa baƙi a tsofaffin jaridu. Kowa ya zauna sai Baba ya ce, "Saki ranka, ango, ba harbi ba ne." Yanzu masu cajin waya ne a wurin.

Saura kwana goma sha takwas tafiyarsa zuwa wurinki. Zan sake gwadawa.

Ki huta lafiya.
Naki, Auta

Auta,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na ga takardarka, na kuma ga bakinka yana nan da ransa. Ka rage faɗa da na'ura, ba ta jin ka. Turo min hoton, maigidan ya iya gyara haske.

Sai wata tambaya. Me ya sa duk na kira sai ka ce Baba yana hutawa, ko kyamarar wayarka ta lalace? Shekara shida rabona da fuskarsa. Na share masa ɗaki, na saya masa bargo. Burina ya riƙe jikarsa a hannunsa.

Ka gaishe shi da kyau.
Yayarka ta ce ka ji magana.

Yaya,

Ina gaisuwa. Ba haske ba ne, kuma kyamarata ƙalau take.

Faɗuwar da na ce miki ya yi wata huɗu da suka wuce, ba santsi ba ne. Ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Bakin ya ja gefe, ido ɗaya ba ya buɗewa sosai, wuyan ba ya tsayawa. Shi ya sa ni rantsuwa kada ki sani, kina da tsohon ciki lokacin. Ya ce kafin tafiya zai miƙe.

Jiya ya sa na ciro farin labulen daga akwati. Har yanzu yana warin ruwan wankin hoto. Da hannunsa mai lafiya ya nuna min inda zan rataye shi, da inda hasken taga zai faɗo. Na durƙusa a bayan kujera na tallafe masa ƙeya, maƙwabcinmu tela ya danna. Shafin ya ce akwai wani abu a bayan mai hoton. Ni ne wani abun, Yaya.

Ban yi zagi ba, kin ji abin mamaki. Baba ya karɓi wayar, ya daɗe yana duban kansa, sannan ya ce da gaskiyarsu, shi ma da a shagonsa ne ba zai ba mutum wannan ba. Daga nan ya ce in ninke labulen.

An ce akwai hanyar marasa lafiya, da takardar likita, amma sai an yi wata biyu ana jira. Ga hoton nan na haɗo. Kada ki ba kowa ya gyara.

Ki yafe min.
Auta

Auta,

Na gani. Babana ne, ban ga abin gyara ba.

Ka daina ɗaga masa wuya. Na mayar da tikitinsa, na yanki namu ni da jaririya, ranar Laraba za mu sauka. Ka faɗa masa na sani, kada ya wahalar da kansa wajen ɓoye min fuska a bakin ƙofa.

Faɗanmu ni da kai kuwa, sai na zo.

Yayarka