Jummai Za Ta Kama Sitiyari

Daren Asabar, Agusta 1986, Kakuri

Yau na kai jikata Jummai kallon bidiyo gidan Alhaji Sule. Wani jarumi ne mai jan mayafi yake shawagi cikin taurari a wani kumbo, mun sha dariya. Amma macen da ke cikin kumbon, ihu kawai take yi.

Jummai ta ce, "Tsoho, me ya hana ta kama sitiyarin?"

Alhaji ya ce, "Ke, ina mace ina tuƙi?"

Ta ce, "Ni zan tuƙa."

Daɗi ya kashe ni! Irin maganar Alhaji mutane suka yi mini da na shiga ajin yamma da furfurata, ga shi yau da hannuna nake rubutu. Ubanta ma ya ce a'a, amma akori-kurar tawa ce. Gobe sai filin ƙwallo, in fara koya mata tuƙi. Har na ɗora mata matashi a kujerar direba.