Inci Huɗu a Jikin Kalanda

Zuwa ga ƙanena Auta,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya. Ya aiki, ya zaman baƙunta? Mu nan ƙalau, sai idon Baba da ke ƙara dushewa. Jiya gishiri ya zuba a shayinsa maimakon sukari.

Auta, saƙonka ya ɓata mini rai. Asibitin da za a yi wa Baba aikin ido a Asiya yake, kai ma a Asiya kake, amma ka ce ba za ka iya tarbarsa ba, wai nisa, awa goma a jirgi! Ni za ka yi wa wayo? Kalandar da dillalin yadi ya ba ni tana rataye a shagona, da taswirar Asiya a jiki. Na ɗora tef ɗina daga filin jirginku zuwa na garin asibitin, inci huɗu cif. Ko hannun rigar jariri ya fi haka. Tun kana rarrafe nake ɗinki, awo bai taɓa yi mini ƙarya ba. Likita ya ce bayan aikin ko bayi sai an raka Baba. Wa zai raka shi, baƙo? Ka nemi izini wurin maigidanka, ka bar mini zancen awa goma a sama.

Ka gaida abokan aikinka.
Yayarka.

Zuwa ga Auta,

Ina gaishe ka, da fatan murar ta sake ka. Baba yana sa maka albarka.

Na ɗauki kalandata na je wurin mai sayar da tikiti don ya ƙaryata ka. Mutumin nan dariya ya yi har da riƙe ciki, a gaban jama'a! Sannan ya juyo mini da kwamfuta. Wai daga wurinka zuwa garin asibitin awa goma ne har da ɗoriya, kuma sai ka canza jirgi a hanya. To wane marar tsoron Allah ne ya matse ƙasashe haka a takarda?

Abin da ya fi ƙona mini rai, na tambayi namu nisan, ya ce awa bakwai, kai tsaye. Ashe ni da ke nan na fi ka kusa! Kuma ka sani sarai, ka ja bakinka ka yi shiru, don kawai ko tsani ba na iya hawa. Haba Auta, da ka faɗa mini, ai da ban je na sha kunya ba.

Ni zan raka Baba. An fara yi mini takardu, na mayar wa mutane yadinsu. Tsoro kam ina ji. Baba ya ce in zauna gefen taga a tafiya, tunda shi ba abin da zai gani. Amma ya gargaɗe ni, a dawowa kujerar tasa ce.

Har yanzu ina jin haushinka. Ka kula da kanka.
Yayarka.